Yadda Ake Dawo da Zanen Ganyen Bado Idan Ya Dushe

Shekara uku ke nan da na daina kiwon tarwaɗa a kwamin simintin da ke bayan gidana a Birnin Kebbi, saboda kuɗin abincin kifi ya fi ƙarfina. Don kada kwamin ya zama gidan sauro, sai na bar ƴan ƙananan kifaye a ciki, na sayo bado gindi biyu a wurin masu sayar da furanni a Abuja. Ganyen ne ya ja ni tun kafin in ga furen: kore ne mai feshin ruwan hanta, kamar an tsoma tsintsiya a zoɓo an yarfa masa. Wata biyu bai cika ba ya koma kore shar, ba ka raba shi da badon da yara ke tsinkowa a fadama. Ni kuwa ɗan manomin shinkafa ne, abin da na tashi na sani shi ne in shuka ta canza launi to yunwa take ji. Na ciko gwangwanin tumatir da yuriya na watsa a ruwan. Ganye ya yi faɗi kamar faifai, gansakuka ta rufe kwamin, kifi biyu suka taso ciki sama, zane kuwa ko ɗigo.

Ana cikin haka wani dattijo masunci, abokin mahaifina, ya zo daga Argungu ya sauka a wurina. Da safe ya tsuguna bakin kwamin, ya zura hannu har gwiwar hannu, ya kamo wani ɗan ganye da bai gama warwarewa ba.

"Ɗana, mi ka zuba mishi?"

Na ce, "Yuriya, Baba."

Ya yi dariya ya ce, "Wanga ba ciwo garai ba, ƙoshi na. Bado ba shinkahwa na ba."

Abin da zan jero a ƙasa daga wannan safiyar ya faro, sauran kuma na koya da ɓarnar hannuna.

Fara da sabon ganye

Kafin ka taɓa komai, nemo ganyen da ya fi kowanne ƙuruciya, wanda ya iso saman ruwa jiya ko shekaranjiya. Shi kaɗai ne zai gaya maka gaskiya. Ganyen bado ba ya daɗewa, mako uku zuwa huɗu ya tsufa, kuma a yawancin iri zanen yana fitowa raɗau ne a farko, ya riƙa dushewa yayin da ganyen ke girma. In sabon ganye na da zanensa, tsofaffin ne kawai suka koma kore, to lafiyarsa lau. Ka bi karan kowane tsohon ganye har gindi ka tsinke, shi ke nan.

In sabon ma ya fito ba zane, sai a shiga bincike. Ɗaura zare a karan wannan ganyen don ka san daga inda ka fara lissafi, ka ɗauki hotonsa da waya da hantsi. Daga nan duk gyaran da za ka yi, abu ɗaya za ka canza, sannan ka jira sabbin ganye uku su fito, wato kamar mako biyu in ana zafi. Ganyen da ya riga ya buɗe babu zane ba zai yi zane daga baya ba, ko me ka yi masa. Masu gaggawa sukan matsar da tukunya, su canza ruwa, su ƙara taki, duk a yini ɗaya, in abin ya gyaru ba su san me ya gyara shi ba, in ya lalace ma haka.

Wane irin zane ne da shi tun asali?

Zanen ganyen bado iri biyu ne, kuma maganinsu ba ɗaya ba ne.

Na farko shi ne ja-ja, ko ruwan hanta, ko shunayya, ɗigo-ɗigo ko feshi a kan kore. Wani sinadari ne mai suna antosayanin ke kawo shi, dangin wanda ya sa zoɓo ya yi ja. Shukar kan ƙara shi in hasken rana ya wadata, ta rage shi in ta samu inuwa, ko naitirojin, sinadarin taki mai sa ganye kore, ya yi mata yawa, ko zafi ya wuce kima. Wannan launin yana tafiya yana dawowa, shi ya sa gyaransa ke da sauƙi. Da yawa daga badon ƙasashe masu zafi da ake sayarwa don ado, irin su Albert Greenberg da Leopardess, wannan zanen ne da su.

Na biyu shi ne fari ko ruwan madara, wani lokaci da ratsin ruwan hoda. A nan wani ɓangaren ganyen ne ba shi da koren da shuka ke haɗa abinci da shi. Wanda ya fi suna a wannan layin shi ne Arc-en-Ciel, wanda wani masanin bado mai suna Latour-Marliac ya fitar a 1901 a lambunsa da ke kudu maso yammacin Faransa, lambun da shahararren mai zanen hoto Monet ya sayi badon tafkinsa. Ka lura wannan ɗan ƙasar sanyi ne. Zai rayu a Kebbi, amma watan Afrilu, lokacin da zafi ke haura digiri 40, yana wahalar da shi ƙwarai. Ni dai in za a bi shawarata, wanda zai fara ya fara da na ƙasashe masu zafi.

Akwai kuma na uku da ba ya cikin lissafi: wanda ba shi da zane tun fil azal. Badon ado da aka shuka daga ƙwaya ba ya gadon kamannin uwarsa yadda ake so, sai wanda aka raba daga gindi. In hoto kawai aka nuna maka a waya aka miƙo maka saiwa a leda, kuma tun da ka dasa ba ka taɓa ganin zane ko a ganye ɗaya ba, kada ka wahalar da kanka.

Ƙirga awannin rana

Ware yini ɗaya, Asabar ko Lahadi, ka leƙa kwamin duk bayan awa ɗaya daga fitowar rana zuwa la'asar, ka rubuta ko rana na dukan ganyen kai-tsaye. Awa shida ita ce mafi ƙaranci. Kada ka dogara da abin da ka gani lokacin dasawa, domin a wajenmu rana tana karkata arewa daga ƙarshen Afrilu zuwa tsakiyar Agusta, sauran watanni kuma ta koma kudu. Katangar da ba ta yi maka inuwa da damina ba tana iya rufe rabin kwamin a Disamba. Haka darbejiya ko mangwaron maƙwabci, reshen bara ba shi ne na bana ba.

Bado yana yi wa kansa inuwa. In ka ga ganye na hawa kan ganye, wasu har sun miƙe sama da ruwa kamar lema, tukunyar ta cika, na ƙasa ba sa ganin rana. Rage su har sai kusan kashi ɗaya cikin uku na fuskar ruwan ya zama a buɗe. Kainuwa kuwa kwashe ta kakaf, a mako biyu sai ta mamaye wurin.

Mai farin zane shi ne ke son a tausaya masa. Farin wurin ba ya jure ranar bazara, yakan ƙone ya koma ruwan ƙasa kamar takardar da ta sha wuta. Daga Maris zuwa saukar damina, kafa masa zana ko asabari ta yamma, ya sha ranar safe har azahar, ya huta da ta yamma. Ko mai jan zane, in a ƙaramar baƙar roba yake, taɓa ruwan da ƙarfe uku na rana. In ya yi ɗumin ruwan wanka, zanen zai kwanta komai yawan hasken. Sai a binne robar a ƙasa zuwa wuya ko a koma babban mazubi.

Zurfi

Sa sanda daga saman ƙasar tukunya zuwa fuskar ruwa. Na ƙasashe masu zafi santimita 25 zuwa 40 ya ishe su, wato kusan kamu ɗaya. Kwamin tarwaɗa yakan wuce mita ɗaya, don haka in ka ajiye tukunyar a ƙasansa, ƙarfin shukar duk a doguwar kara zai ƙare, ganyen ya iso sama ƙanana kuma a koɗe. Ɗora ta kan jan bulo ko kifaffen baho. Kada ka sa sabon bulon siminti, dalilin na nan tafe.

Taki, inda yawancinmu ke faɗawa

Alamar ƙoshi ba ta ɓuya: ganye manya, kore mai duhu, masu laushi, fure kaɗan, ruwa kore. Yuriya kashi 46 cikin 100 naitirojin ce zalla, ba abin da take sa shuka sai ganye da kore, kuma koren nan shi ke danne jan. Ba ita kaɗai ba ce. Kashin kaji da aka cakuɗa a ƙasar dashe, ragowar abincin kifi da ke nutsewa, da kashin kifin kansa in sun yi yawa, duk naitirojin ne. Wanda ke kiwon tarwaɗa ɗari biyu a kwami kuma yana son bado mai zane a cikinsa, ya haƙura da ɗaya.

Ga yadda na yi na fita daga nawa. Na zubar da kashi ɗaya cikin uku na ruwan na cika da sabo, na maimaita bayan kwana huɗu, sannan bayan wasu kwana huɗun. Ban zubar duka a tashi ɗaya ba saboda kifin. Na rage musu abinci zuwa abin da za su cinye cikin minti biyar. Taki kuwa ban ƙara ko ƙwaya ba har mako shida. A ganye na huɗu bayan zaren sai ga ɗigo-ɗigo a gefe, kamar an yayyafa barkono. Na bakwai ya fito da feshinsa cikakke.

In ƙasar tukunyar ce aka cika da taki, canjin ruwa ba zai wadatar ba, sai an sake dashe. Samo laka mai danƙo ta fadama, irin wadda ke dunƙulewa a hannu ba ta wargaje ba. Kada ka sa ƙasar bola ko dusar katako, suna tasowa su ruɓe. Tukunya mai faɗi ta fi mai zurfi, bahon wanki mai faɗin santimita 35 zuwa 40 ya yi daidai. Na ƙasashe masu zafi a tsakiya ake dasa shi a tsaye. Na ƙasar sanyi mai doguwar saiwa kwantar da shi ake yi a karkace daga gefe, idon na kallon tsakiya. Ko wanne ne, idon da ganye ke fitowa ya kasance a waje, in ka binne shi zai ruɓe. Rufe saman da tsakuwa don kifi kada su tone.

Ba cewa na yi a hana shi abinci ba, bado maciyi ne. Abin da nake yi yanzu: ƙaramin cokalin shayi ɗaya na kamfa 15-15-15, in dunƙule shi cikin laka kamar ƙwallon fura, in bar shi ya sha iska, in tura biyu can ƙasan tukunyar nesa da idon, in toshe ramin da yatsa. Sau ɗaya a wata, daga Maris zuwa Oktoba. A cikin ƙasa ake sa taki. Duk wanda aka watsa a ruwa gansakuka aka ciyar.

Rawaya ba zane ba ce

Wani maƙwabcina ya kira ni da murna wai nasa ya fara zane. Da na je sai na tarar sabbin ganyen sun yi ruwan ɗorawa, jijiyoyin kawai suka rage kore kamar raga. Wannan ƙarancin sinadarin ƙarfe ne, kuma sau da yawa ba wai babu shi a ƙasar ba ne, ruwan ne ya yi kanwa-kanwa har shukar ta kasa zuƙarsa. Sabon siminti shi ne babban mai jawo haka, kwaminsa kuwa wata ɗaya da gamawa.

Sayi takardar gwajin pH, wato awon tsami ko kanwar ruwa, ka auna da sassafe, domin da rana gansakuka kan ɗaga awon ya ruɗe ka. Tsakanin 6.5 da 7.5 shi ake so. In ya haura 8, fitar da tukunyar zuwa wani baho, ka jiƙa kwamin ka zubar sau da yawa kamar yadda masu kiwon kifi ke yi wa sabon kwami kafin su zuba ƴaƴa. Auna ruwan rijiyarka ko na burtsatse shi ma, wataƙila daga can ne. Da damina tari ruwan sama ka riƙa cikawa da shi. Kada ka zuba ruwan batir ko wani asid don saukar da awon, za ka kashe kifi da badon gaba ɗaya.

In kuwa tsofaffin ganye ne ke yin rawaya baki ɗaya har jijiya, sabbin kuma kullum ƙara ƙanƙancewa suke, wannan ita ce yunwar gaske. A nan ne ƙwallon takin ke aiki.

Idan gindi ya koma asalinsa

Wannan ya fi shafar mai farin zane da irin da suka samu ta hanyar rikiɗar reshe. Misali Wanvisa, wanda Dokta Nopchai Chansilpa na ƙasar Tailan ya fitar har ya ci gasar sabon bado ta duniya a 2010, daga wani mai rawayan fure ya rikiɗo, kuma har yau yakan fitar da fure rabi rawaya, wani lokaci ma rawaya duka. Haka ganye ke yi. Ido ɗaya a gindin sai ya fara fitar da kore zalla, kuma da yake koren ya fi mai farin haɗa abinci, cikin wata biyu zuwa uku sai ya rinjayi ɗan'uwansa.

Yadda za ka gane: a gindi ɗaya, rana ɗaya, ƙasa ɗaya, wasu sabbin ganye na da zane, wasu babu ko alama. Bi karan marasa zanen da hannu har ƙasa. In duk wuri ɗaya suka nufa, ka kama ɓarawon. Tsinke ganyen ba ya magani, idon zai sake turo wasu.

Ciro tukunyar da safe ka kai inuwa. Zare gindin, ka wanke lakar har idanun su bayyana. Ɗaura zare a karan masu zane tun suna cikin ruwa, don da an fito da su duk sai su cakuɗe. Da wuƙa mai kaifi wadda ka wanke, yanke ɓangaren da ke ɗauke da koren idon ka raba shi da sauran. Abin da za ka mayar ya kasance yana da ido mai zane da saiwa mai tauri kamar tsawon yatsa. Duk inda ya yi baƙi, ya yi laushi, yana wari, sare shi har ka kai fari. Lulluɓe ganyen da jiƙaƙƙen buhu muddin kana aikin, minti kaɗan a iskar Kebbi ya isa ya yanƙwane su. Bayan dashe, ɗaga tukunyar ta zama santimita 15 kawai ƙarƙashin ruwa har sabbin ganye biyu ko uku su fito, sannan ka saukar da ita a hankali. Farkon damina ya fi dacewa da wannan aikin. Koren da ka cire ba shara ba ne, ba wa wani ya dasa, amma ka gaya masa gaskiyar abin da ka ba shi.

Ƙura da ƙwari

Da hunturu shafa ganyen da yatsa kafin ka yanke hukunci. Sau da yawa zanen na nan, ƙura ce ta kwanta a kai. Yayyafi da butar ban-ruwa da yamma ya isa.

Darɓa kan taru baƙi-baƙi a kan ganye da karan fure, ta tsotse su har su koɗe su nannaɗe. Fesa mata ruwa da ƙarfi ta faɗa kifi su cinye, ko ka danne ganyen cikin ruwa da kwando na kwana ɗaya. Tsutsar da ke yanke gefen ganye ta yi ɗaki da shi, da hannu ake tsince ta. Maganin feshin wake ko na shinkafa kada ya kusanci kwamin, kifi ba sa jure shi ko kaɗan. Bokitin da aka taɓa dama maganin ciyawa a ciki ma kada a ɗebi ruwan kwami da shi. In ka ga gefen ganye a gutsure ba tsutsa, karfasa ce, ta girma ta fara kiwo.

Na gida

Dattijon nan kafin ya koma ya ce in ina son mai ɗigo ba sai na je Habuja ba. Gaskiyarsa. Ban da farin badon nan mai buɗewa da dare, mai ganye da baki kamar zarto, wanda masana ke kira Nymphaea lotus, a tafkunan Afirka ta Yamma akwai Nymphaea micrantha, mai fure fari zuwa shuɗi-shuɗi da ke buɗewa da rana, ganyensa kuma da ɗigon ja mai duhu. Abin sha'awa gare shi, a daidai inda kara ta haɗu da ganye yakan fitar da ɗan ƙullutu, wanda shi ne jaririn shuka. Yanko ganyen da ƙullutunsa ya fara toho, kwantar da shi kan laka a ruwa mai zurfin yatsa biyu, ka danne da ƴar tsakuwa. Zai yi saiwa, kuma zanen uwarsa zai ɗauko sak. Zafin Afrilu bai dame shi ba, a cikinsa ya tashi.

Sai dai duk abin da ka ɗebo daga fadama, kada ka jefa shi kwami kai-tsaye. Ƙananan dodon-koɗin da ke ɗauke da cutar tsargiya suna maƙalewa a bayan ganyen bado, su yi ƙwai a can kamar majina. Sa dogon takalmin roba da safar hannu in za ka shiga, ka wanke shukar sarai, ka kankare ƙwan, ka ajiye ta a bokiti daban na mako biyu kana dubawa.

Daga tsakiyar Disamba zuwa ƙarshen Janairu, in dare ya yi sanyi, bado kan ja baya. Ganye su ƙanƙance, sabo ya yi jinkirin fitowa, wani gindin ma ya zubar da ganyen duka ya kwanta. A wannan lokacin ba a sa taki, ba a rabawa, ba a sake dashe. Matsa gindin da yatsa kawai: in da tauri, mayar da shi ka bar shi. Zaren da hoton sai a ajiye su har ƙarshen Fabrairu, lokacin da ruwa ya fara ɗumi.